Keken Gwaggo da Akwati Mai Kwaɗo Uku

Ƴan uwana ɗalibai, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wata gardama ce da aka yi a taron ɗaliban yankinmu na Tasawa, nan Yamai, gab da hutun damina. An kawo shawara kowa ya riƙa cire wani abu daga burs ɗinsa har mu sayi keken ɗinki biyar, mu kai wa ƴan matan da suka bar lakwal a ƙauyukanmu. Aka yi ta tafi. Ni kaɗai na ɗaga hannu na ce a dakata tukuna. Sai wani ya juyo ya ce, "To Malama, in ba ɗinki ba, me kike so su yi?" Ranar ban sami amsa ba, na zauna da kunya. Abin kuwa ya ci gaba da cina a rai, don cikin ƴan matan da ake magana har da ƙanwata, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda karatunta ya tsaya a aji shida.

A ɗakin gwaggona a Baudeta akwai wani baƙin keke na ƙafa wanda ya girme ni nesa ba kusa ba. Tun ina yarinya na san da wata ƴar takarda da aka manna a cikin aljihun teburinsa, ta yi ja don tsufa, da rubutun hannu layi biyu. Ba Faransanci ba ne, ba Ingilishi ba, balle ajami. Mushenmu na firamare ya taɓa dubawa ya ce wataƙila Jamusanci ne, aka bar maganar nan. Sai da na shiga shekara ta biyu a sashen ilimin harsuna na ɗauki hoton takardar da waya, na bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya da ƙamus. Ashe harshen ƙasar Norwe ne. Gaisuwa ce kawai, kuma kalmar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce syforening: sy shi ne ɗinka, forening ƙungiya. Wato wasu mata ne can ƙasar sanyi suka haɗu suna ɗinki, suka sayar da abin da suka ɗinka, kuɗin ya bi ta hannun wani ƙaramin porje har ya zama keke a ɗakin Gwaggo. Ita dai abin da ta sani, wajen 1990 an ɗebe su su goma sha biyu an kai su fwaye a birni, sun yi wata shida suna koyon yanka da ɗinki, aka sallame su da takardar shaida da keke.

Kafin in je ga matan Norwe, bari in fara da gida, don akwai abin da da yawa daga cikinmu muka manta. A ƙasar Hausa ta da, ɗinki ba aikin mata ba ne. Mace ita ke da auduga: ta gurza, ta shiɓa, ta kaɗa da mazari ta fitar da zare da abawa. Daga nan zaren ya koma hannun masaƙi, ya je marina, ya ƙare a hannun maɗinki, kuma waɗannan galibi maza ne. Manyan riguna masu aska biyu da aska takwas, malamai da almajirai ne gwanayen ɗinka su, suna zaune a zaure suna tilawa allura tana tafiya. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso Tasawa a watan Janairu na 1851, ya tarar da kasuwa mai ci da marina ana ta rini da baba. Duk wannan tufafi daga yatsun mata ya faro. Kakata ta wajen uwa har ta rasu tana ajiye da mazarinta a cikin ƙwarya, kuma takan ce da kuɗin zare ta yi wa Innata rabin kayan ɗaki.

Harshe ma yana ba da shaida, ku yi mini haƙuri, sana'ata ce. Kaɗi, saƙa, zare, mazari, ɗinki, duk Hausa ce tsantsa. Allura kuwa daga Larabci ta zo, al-ibra, haka almakashi daga al-miƙass. Harafin nan na al da ke manne a goshinsu shi ke tona asirinsu. Tela kuma daga Ingilishi. Mu da Faransa ta mallaka ba mu ari kalmar Faransanci ba, muka ce tela kamar mutanen Katsina da Kano, abin da ke nuna mana ta wace hanya sana'ar keke ta shigo mana: daga kudu, tare da fatake da ƴan ci-rani. Kuma ku lura, in aka ce "tela" kawai, namiji ke zuwa a zuciya. Sai an ƙara wata kalma kafin a gane mace ake nufi.

A shekarar da Barth ya shiga Tasawa, 1851, a shekarar ce Isaac Singer ya yi rajistar kekensa na ɗinki a Amurka. Keken yana da tsada, talaka ba ya iya saye, don haka a 1856 kamfanin ya fito da tsarin ɗauki ka riƙa biya kaɗan-kaɗan. Da wannan bashin ne keken ya shiga gidajen mutane. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Da yadin kanti ya cika kasuwanninmu a zamanin Turawa, musamman da kuɗin gyaɗa suka shigo yankin Maradi da Tasawa, sai kaɗi ya soma mutuwa. Wa zai sayi zaren hannu alhali ga atamfa? Mata suka rasa babbar sana'arsu ta cikin gida. Keke kuma da ya iso, maza ya tarar a bakin hanya: su ke da rumfa a kasuwa, su ke da jari, su ke iya zama shekaru a gaban maigida suna koyo, su ke iya gwada jikin namiji ba tare da an yi tsegumi ba. A taƙaice, an ƙwace wa mata mazari, ba a ba su keke ba.

To ina aka samo wannan ra'ayi na cewa sana'ar mace ɗinki ce? Daga makarantar Turawa. A wajensu allura kayan mace ce, kuma da wannan ido suka dube mu. Makarantun ƴan mata na farko da Ingilishi suka buɗe a Katsina da Kano a 1930, ɗinki da tsabtar gida suna cikin manyan darussansu. Faransawa ma da suka buɗe makarantar horar da malamai mata a Rufisque ta Senegal a 1938, ƙarƙashin Germaine Le Goff, aikin allura da kula da gida suna cikin tsarin. Ƴan mishan na SIM da suka zauna a Tsibiri kusa da Maradi tun kafin yaƙin duniya na biyu, matansu ɗinki da saƙar ulu suke koya wa mata. Bayan ƴancin kai aka ci gaba a kan wannan turba, da masu wayar da kan mata na shekarun 1960, da ƙungiyar matan Nijar ta AFN da aka kafa a 1975 zamanin Seyni Kountché, da gidajen fwaye. Sai fari na 1973 zuwa 1974 da na 1984 zuwa 1985 suka jawo ƙungiyoyin agaji, kowace da nata porje. Baturiyar nan masaniyar tarihi, Barbara Cooper, wadda ta wallafa littafi kan aure a Maradi a 1997, ta bi diddigin yadda aikin matan Maradi ya sauya a wannan ƙarni. Duk mai jin Ingilishi a cikinku ya neme shi.

A ganina, ɗinki ya daɗe yana cin kasuwa a wajen masu taimako ne don ba ya ɓata wa kowa rai. Miji ba ya damuwa, tun da a ɗaki ake yi. Malam ba ya cewa komai. Hukuma ta sami abin rabawa a gaban jama'a. Mai bayarwa kuma ya sami hoto mai kyau, mace tana murmushi a bayan keke. Ko akwai mai kawo ɗinkin, wannan tambaya ce da ake barinta sai bayan an watse.

Yanzu mu leƙa ɗaya bakin igiyar. Waɗanne mata ne waɗannan da suka manna takarda? Da na bincika sai na ga al'adarsu ta daɗe. Tun a shekarun 1840 wata matar fasto mai suna Gustava Kielland ta soma tara matan ƙauye a Lyngdal, kudancin Norwe, suna zuwa da ulu da abin kaɗi da allura, suna aiki tare don tara kuɗin mishan. Abin ya bazu har ya zama da wuya ka sami ƙauyen da babu irin wannan ƙungiya, a Norwe da Suwidin. Su haɗu a gidan ɗaya daga cikinsu, su sha gahawa, su yi ɗinki da saƙa, sannan sau ɗaya a shekara su baje kolin abin da suka yi, a yi gwanjonsa ko a sayar da tikitin sa'a, kuɗin a aika Madagaska ko ƙasar Zulu. A Amurka ma matan Boston sun soma irin wannan kasuwa a 1834 don tallafa wa masu yaƙi da bauta, har matan Ingila da Ailan suna aiko musu da kayan da suka ɗinka. Saboda haka kar mu raina allurar tsofaffin nan. Yawancinsu ba masu kuɗi ba ne, matan manoma ne da masunta, kuma daren hunturu suka sadaukar don wata mace da ba za su taɓa gani ba. Wannan gudummawa ce ta gaske, a tsohuwar ma'anar kalmar, wato a ji kururuwa a sheƙo da gudu.

Amma ga abin da ya tsaya mini. Matan Norwe ba su sami cikakken ƴancin jefa ƙuri'a ba sai 1913. Shekara saba'in kafin nan, a ina macen ƙauye take koyon jagorantar taro, da riƙe asusu, da yin magana a gaban jama'a, da fita daga gida da dalilin da miji ba zai hana ba? A ƙungiyar ɗinki. Babbar ƙungiyar matan ƙasar ta kiwon lafiya, wadda Fredrikke Marie Qvam ta kafa a 1896, ita ma da ɗinka kayan jinya ta fara. Ba safa da zanen tebur ne suka ɗaga matan nan ba. Zaman mako-mako ne da ɗan akwatin kuɗi da ke tsakiyarsu. Da suka tashi taimaka mana sai suka aiko da allurar, akwatin ya zauna a can.

Sai a 1991 akwatin ya bayyana, kuma a nan jihar Maradi. Shekarar ce matan Yamai suka yi zanga-zangar 13 ga Mayu suna neman a ba su wuri a shirin taron ƙasa, ranar da har yau muke bikinta. A shekarar ne kuma ƙungiyar CARE, da kuɗin reshenta na Norwe, ta soma wani shiri a ƙauyukan Maradi ƙarƙashin wata ƴar Norwe mai suna Moira Eknes. Shi ma da farko koyar da sana'ar hannu yana cikin manufarsa, kamar sauran. Amma da aka zauna da matan sai ta bayyana cewa sana'a kam suna da ita, ƙuli-ƙuli, man gyaɗa, kiwon akuya, fura, ƙosai. Jari ne babu. Aka ɗauki adashe da kowa ya sani aka gyara shi. A adashe kowa jiran kwasarsa yake, ko da bukata ko babu. A sabon tsarin kuwa mata kamar ashirin da biyar zuwa talatin suke zubi kowane mako, kuɗin ya taru a akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku, mabuɗan a hannun mata uku daban, akwatin a ɗakin ta huɗu. Mai bukata ta ranta, ta dawo da shi da ɗan ƙari, galibi kashi goma cikin ɗari a wata. In zagaye ya cika a fasa, a raba uwa da riba. Babu sisin kowa daga waje. Da yake yawancinsu ba su yi boko ba, komai a bainar jama'a ake yi, ƙwaƙwalwar taro ita ce littafi. Sannu a hankali koyar da sana'a ya koma baya, asusu ya zama shi ne shirin.

Sunan da aka ba shi, Mata Masu Dubara, ya fi fassarar da ake yi masa a takardun Turawa. Dubara ma baƙuwa ce, daga Larabci dabbara, tsara al'amari da hangen ƙarshensa, amma ta zauna a bakinmu har ta ɗauki wata ma'ana: yadda mara ƙarfi yake kai wa ga abin da mai ƙarfi ya kai. Shi ya sa a tatsuniya Gizo ne mai dubara, ba Zaki ba. Asusu kuwa masana da yawa suna danganta ta da esusu na Yarbawa. Daga Maradi tsarin ya bi duniya, ƙasashe da dama na Afirka da Asiya suka ɗauka, miliyoyin mutane suna ciki. Mutanen Norwe kuma ba su daina ba. Tun 1974 gidan talabijin ɗinsu na ƙasa yake shirya tara kuɗi ranar wata Lahadi a Oktoba, mutane wajen dubu ɗari su bi gida-gida. A 2009 da 2019 CARE aka tara wa, don irin waɗannan ƙungiyoyin mata, kuma Nijar tana cikin ƙasashen da aka ambata.

Ban ce asusu ba shi da aibu ba. Na sha jin malamai a garinmu suna cewa ƙarin nan riba ce, matan kuma suna cewa ai kuɗinmu ne yake komo mana. Gardamar ba ta mutu ba. Na san wadda ta sayar da akuyarta don ta biya bashin asusu. Na san wadda mijinta ne yake turo ta ta ranto masa. Kuma wadda ba ta da ko dala biyar ta zubi, ita ba ta ma shiga lissafi.

Da na je gida hutu na zauna da Gwaggo da dukan wannan ilimi nawa, ina jiran ta gaskata ni. Na ce, "Gwaggo, cikin ku goma sha biyun nan, su nawa ke ɗinki yanzu?" Ta ƙirga da yatsu ta ce ita kaɗai. Wasu an sayar da kekunan a shekarar yunwa, wata mijinta ya ɗauka ya ba ƙanensa ya buɗe rumfa, wata nata yana nan an ɗora masa kwanonin jere. Na ce, "To kun gani, ashe asara aka yi."

Ta dube ni ta ce, "Ke ƴar nan, boko ya sa miki gaggawa. Wa ya ce miki asara?" Sai ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Keken ya yi kusan shekara huɗu a rufe da zane. Wani ɗan ƙarfe da ke riƙe zaren ƙasa ya karye, babu mai gyara sai an je Tasawa, kuma ko an gyara ba ta da kuɗin yadi ko zare. Ana cikin haka aka karya darajar sefa a Janairun 1994, komai na kanti ya yi tsada. Abin da aka koya musu a fwaye kuma, rigunan yara irin na Turawa da zanen tebur mai fure, babu mai saye a Baudeta, inda ba a cin tuwo a kan tebur. Sai da asusu ya iso unguwarsu ta shiga da zubin dala biyar. Rancenta na farko jika biyu, da shi ta gyara keke ta sayi zare. Kuma matan asusun nan su ne suka zama masu kawo mata ɗinki, don duk mako suna zaune tare, kowa ta ga ɗinkin da ke jikin ƴar uwarta. Ta bar zanen tebur ta koma abin da ake nema: rage kayan gwanjo su yi daidai da yara, kayan jarirai na suna, labule da zanen gado na amare, hijabi. A watan azumi har dare take kaiwa da fitila.

Na tuna da Singer da bashinsa na 1856, na yi dariya ni kaɗai. Ta ce, "Me ya ba ki dariya?" Na ce ba komai. Ta ce, "Kuɗin motar da kika hau kika tafi Yamai karon farko, daga ina kike tsammani suka fito? Rabon asusu ne. Zubin kuwa daga ƙafar keken nan yake fita." Na rasa ta cewa. Na karanta mata fassarar takardar da ke aljihun teburin, ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah sarki, ashe su ma ƴan ɗinki ne. Allah ya saka musu." Shekara talatin da wani abu tana tare da gaisuwar, sai ranar ta amsa.

Amma ta ƙara da wata magana da nake so ƴan taronmu su ji. Ta ce lokacin da ta fara, ita kaɗai ce mace mai keke a unguwa. Yanzu akwai huɗu, ga teloli maza a kasuwa, ga kayan da aka riga aka ɗinka suna shigowa daga Kantin Kwari ta Mai'aduwa da arahar da ba za ta iya yi ba. Lokacin da aka rufe iyaka a 2019, da kuma 2023, zare da yadi suka yi tsada har ta riƙa mayar da aiki. Na ce, "In aka kawo keke biyar fa?" Ta ce, "Garin nan? Sai dai su riƙa ɗinka wa juna."

Daga nan na je wajen ƙanwata, wadda duk wannan shawara a kanta ake yi amma babu wanda ya tambaye ta, har da ni. Na same ta tana suyar awara a ƙofar gida. Na ce, "In an ba ki keke kina so?" Ta ce in kyauta ne wa zai ƙi. Na ce in kuɗin keken aka ba ki fa? Ba ta ko yi tunani ba. Ta ce buhun waken suya za ta saya a kaka lokacin da yake da araha, don yanzu tiya-tiya take saye a hannun mai shago, ribar duk a can take ƙarewa. Sauran kuma ta shiga asusun ƴan mata da ake zubin dala ashirin, wanda sau biyu tana nema Baba yana cewa ta bari sai ta yi aure.

Taronmu na gaba yana nan bayan an koma karatu. Na rubuta sunayen ƙauyuka biyar ɗin da aka zaɓa, kuma na roƙi mutum ɗaya daga kowanne ya ƙirgo mana kekunan da ke garinsu kafin ranar, masu aiki da waɗanda aka ɗora wa kwanoni, ya kuma tambayi ƴan matan da bakinsu. Biyu sun riga sun aiko da nasu lissafi. Maganar Baba kuwa, Gwaggo ta ce in bar mata, ai ƙanenta ne.